Daga Mai Gida Zuwa Ɗan Kamasho: Wa Ke Ɗaukar Asarar Kaya?

Tambayar wannan mako ta shafi duk mai shirin ƙaura, daga Partago har bakin iyaka: ka ba ɗan kamasho kuɗi ya samo maka mota, gado da katifa da buhunan hatsi suka salwanta a hanya, to wa za ka kama?

Bari mu koma baya tukuna. A ƙarni na 19, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan ratsa Nikki, Paraku da Zugu zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da fatu da tufafi, su komo da goro. Madugu ke jan ayari, shi ke daidaitawa da sarakunan Bargu kan kuɗin hanya. In an sauka zango kuwa, baƙo ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye. Mai gida ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayar bashi. Ba wata takarda. Amma fa mai gida ba shi da wurin gudu: gidansa na nan, iyalinsa na nan, kuma ran da ya ci amanar ayari guda, labari ya kai Kano, baɗi ba mai sauka wurinsa.

Yaƙin basasar Salaga a 1892 da iyakar da Faransa da Ingila suka shata a 1898 suka raunana wannan hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Paraku a 1936, sai kayan Kwatano suka riƙa sauka nan, manyan motoci su kwashe zuwa Malanbil da Gaya. Dillali ya koma tasha. Yana cin la'adarsa kamar da, amma ya daina ɗaukar lamuni, kuma a ganina nan ɓarakar take.

Yau Jamhuriyar Benin na da dokar kare mai saye, mai lamba 2007-21 ta Oktoban 2007. Najeriya ma na da hukumar FCCPC. Sai dai hukuma shaida take nema, ba rantsuwa ba. Saboda haka kafin a ɗaura igiya, a rubuta kuɗin da aka yi jinga, lambar mota, sunan direba, jerin kaya, da wanda zai biya kuɗin kan iyaka. Mai lodin shanu ya sa a rubuta kai nawa aka loda. A yi wannan gaban shugaban tasha, sauran kuɗi kuma a riƙe su sai an sauke an ƙirga.