Kafin Rugu ya zama abin tsoro

Jama'a, yau da an ambaci dajin Rugu sai batun 'yan bindiga. Ni kuwa ina ganin daga ruwa labarin ya faro. A shekarun 1960 aka ware gandun Ruma da Kukar Jangarai, a ƙasar Batsari da Safana, domin kiwo. Da tallafin Amurka aka gina ƙananan madatsun ruwa a ciki, dokar wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 kuma ta ba irinsa kariya. Sannu a hankali yashi ya cike madatsun, gonaki suka cinye burtali, ba mai yasa, ba mai tsawatarwa. Saniyar da ta rasa mashaya, ai gona za ta nufa. Duk sulhun da bai tanadi mashaya da burtali ba, wallahi rabin sulhu ne.