Agogon da ya fi mota tsada, shi ma sai an yi masa juye

1/ Kullum muna ganin Rolex da Patek Philippe a hannun mawaƙa da 'yan ƙwallo, kowa tambayarsa ɗaya: nawa ne? Ni kuwa tambayar da ta fi damuna ita ce, nawa ake kashewa kafin ya ci gaba da tafiya? Don shi ma juye ake masa kamar mota, kuma kuɗin juyen kaɗai ya isa ya sai maka waya sabuwa dal. Tarihin wannan kuɗin nake so mu bi yau. Zaren da tsawo fa, ku gyara zama. 🧵

2/ Agogon nan babu batir a cikinsa. Sifirin ne a naɗe cikin wani ɗan gwangwani, ka yi masa wani da yatsa, ko motsin hannunka ya yi masa. Yana warwarewa a hankali yana tura ƙananan giyoyi masu haƙora, su kuma su miƙa ƙarfin ga wani ɗan zoben ƙarfe mai kai-komo. Shi ne cak-cak ɗin da kake ji in ka kara a kunne.

3/ Yawancin na zamani suna bugawa sau 28,800 a awa. Sau 8 ke nan a daƙiƙa. A kwana ɗaya 691,200, a shekara sama da miliyan 250. Ba hutun Sallah, ba yajin aiki. Abin da kawai ya shiga tsakanin wannan ƙarfen da cinyewa shi ne ɗigon man da sai da madubi ake ganinsa.

4/ Mu koma Janiba ta ƙasar Suwizalan, ƙarni na 16. Malamin addinin Kirista John Calvin ya tsananta a kan ado da gwala-gwalai, sai maƙeran farin garin suka karkata ga agogo, tunda shi abin amfani ne. Masu gudun hijira daga Faransa suka ƙaro musu ilimi. A 1601 suka kafa ƙungiya: ba ka buɗe shago sai ka yi shekaru a ƙarƙashin maigida, an jarraba aikinka. Ku riƙe wannan maganar ta "wa aka yarda ya taɓa agogo", za ta dawo.

5/ Da wane mai suke aiki a da? Man zaitun. Da man da ake tatsa daga ƙafar saniya, eh, wadda muke farfesu da ita. A ƙarni na 19 wanda aka fi yabo shi ne man da ake cirowa daga muƙamuƙin wata dabbar teku dangin dolfin. Kamfanin William Nye na garin New Bedford a Amurka da shi ya yi suna.

6/ Duk man da ya fito daga dabba ko tsiro kuwa lalacewa yake. Ya yi kauri, ya yi danƙo, ya kwashi ƙura, agogo ya fara latti, daga nan ya tsaya cak. Shi ya sa mai agogon aljihu na wancan zamanin, shekara ɗaya ko biyu sai ya leƙa wurin mai gyara.

7/ A 1704, a Landan, Nicolas Fatio de Duillier da 'yan'uwan nan biyu Debaufre suka yi rajistar dabarar huda yakutu a zaunar da ƙafar giya a ciki. Dutsen yana da tauri da santsi, kuma raminsa yana riƙe mai. A 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana yadda ake haɗa yakutu a ma'aikata, farashi ya faɗi warwas. Saboda haka "21 Jewels" ɗin da ke rubuce a fuskar Seiko 5 ɗin Baba ba dukiya ba ce, kar wani ya fasa agogon gado yana neman lu'ulu'u. 😅

8/ Wanda ya fi burge ni a duk tarihin nan kafinta ne, John Harrison na Ingila. Shi cewa ya yi a rabu da man gaba ɗaya. Wajen 1722 ya haɗa agogon hasumiya a Brocklesby Park, ya sa wani katako mai maiƙon kansa a wuraren guga. Shekara 300 ke nan, agogon na aiki.

9/ Amma da ya zo yin ƙaramin agogonsa na jirgin ruwa, H4, wanda ya gama a 1759, sai da ya koma ga mai. Yau in ka je Greenwich za ka tarar da manyan agogunansa uku, H1 da H2 da H3, suna ta motsi. H4 kuwa, wanda ya fi su suna, a tsaye yake. Masu kula da shi sun gwammace ya yi shiru da ya riƙa cin kansa.

10/ Man haɗi na ma'aikata ya shigo a shekarun 1950, kamfanin Moebius na kan gaba. Ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Sai dai masu gyara na yawan faɗin illarsa: tsohon mai in ya lalace daskarewa yake ya tsayar da agogo, ka san lokacin gyara ya yi. Na yanzu ƙafewa yake a ɓoye. Agogo na ba ka lokaci daidai, a ciki ƙarfe na cin ƙarfe.

11/ Sai 25 ga Disamba 1969. Seiko ta Japan ta fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da dutsen kwaz da aka kai kasuwa. Yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Kafin shekara goma irinsa ya zama na kowa, ga arha, ga shi ya fi kowane agogon wani faɗin lokaci daidai.

12/ Suwizalan ta ji jiki wallahi. Ma'aikatan agogo sun kai kusan 90,000 a 1970, zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun dawo wajen 30,000. Kamfanoni kusan 1,600 suka koma 'yan ɗaruruwa. Matasa suka daina shiga koyon sana'ar, tunda ba wanda zai kai ɗansa koyon abin da ake wa jana'iza.

13/ A 1975 Amurkawan da suka sayi kamfanin Zenith suka ba da umarni a daina agogon wani, a rabu da injinan. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya roƙe su, suka ƙi. Bawan Allah ya riƙa kwashe kayan buga ƙarafunan da zane-zanen injin El Primero a ɓoye yana jibgewa a saman benen ma'aikata, ya toshe wurin. Da kasuwa ta juyo ya fito da su. Injin nan shi Rolex ta sa a Daytona daga 1988 zuwa 2000.

14/ Yadda aka yi ta juyo: a 1983 aka haɗe manyan rukunoni biyu da suka durƙushe, abin da daga baya ya zama Swatch Group a hannun Nicolas Hayek, haifaffen Beirut. Agogon roba mai arha ya kawo kuɗi. Shi kuma na wani aka sauya masa matsayi, ya tashi daga abin duba lokaci ya koma kayan alfarma da gado.

15/ Kun ga inda tsadar ta samo asali? Agoguna sun dawo da yawa, hannayen da suka iya buɗe su sun yi ƙaranci. Tsarin horon makarantar WOSTEP ta Neuchâtel awa 3,000 ne. Ita kanta Rolex sai da ta buɗe makaranta a Lititz ta Amurka a 2001 saboda rashin masu gyara.

16/ Kuma aikin ba "a ɗan ɗiga masa mai" ba ne. Wargaza injin ake yi gaba ɗaya, guntaye sama da 100, wani ya haura 200. A wanke kowanne, a duba da madubi, a canza wanda ya ci, galibi har da sifirin. A mayar ɗaya bayan ɗaya da mai kala huɗu ko biyar, kowane gurbi da nasa. Ya yi yawa ya malale, ya yi kaɗan ya ƙafe. A sa sabbin robobin hana ruwa, a gwada matsi, a yi kwanaki ana auna tafiyarsa a kwance da a tsaye.

17/ Kuɗi fa? Rolex marar tarkace a cibiyar kamfani, ka shirya wajen dala 800 zuwa sama, ban da manyan kayan da aka canza. Mai agogon tsere a ciki ya fi haka. Masu kalandar dindindin ko masu kaɗa ƙararrawa na Patek Philippe, dubban daloli ne, ga jiran watanni. Ku buga da canjin yau, ni ba zan ɓata muku rai ba.

18/ Rolex ta ce kusan duk shekara 10. Omega ta ce 5 zuwa 8. A da Patek kan ce 3 zuwa 5. Wanda ya riƙe agogo shekara 40 ya bar wa ɗansa, sai ku lissafa da kanku.

19/ Yanzu maganar 1601 ta dawo. Manyan kamfanonin sun riƙa rufe ƙofar sayar da kayan gyara ga masu shagon kansu, sai wanda suka tantance. A 2004 ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai, CEAHR, ta kai ƙara Hukumar Tarayyar Turai. Aka yi watsi da ita a 2008, kotu ta soke watsin a 2010, aka sake rufe binciken a 2014, a 2017 kotu ta tabbatar. A ƙarshen 2015 kuma Swatch Group ta daina ba dillalai masu zaman kansu kayanta.

20/ Kamfanonin sun ce inganci suke karewa da yaƙi da jabu. Akwai ƙamshin gaskiya, mugun gyara ya kashe agoguna ba adadi. Amma ni dai a ganina, in ka sayi abu da kuɗinka, sannan wanda ya sayar maka shi kaɗai ke da ikon buɗe shi, shi ke yanka farashi, to mallakar taka da saura. Masu iPhone sun san zancen.

21/ Wani abin haushin: gyaran kamfani kan iya rage wa tsohon agogo daraja. Su burinsu ya dawo kamar sabo, sai su gurje jikinsa ya yi ƙyalli, su cire fuskar da ta dafe su sa sabuwa. Masu tara tsofaffi kuwa wannan dafewar suke biya. Daytona ɗin jarumin fim Paul Newman da aka yi gwanjonsa dala miliyan 17.8 a 2017, da ƙarce-ƙarcensa aka sayar.

22/ In ka gaji irin wannan, ka rubuta musu a takarda: kar a gurje, kar a taɓa fuska da hannaye sai da izinina. Ka tambaya tun farko ko za a dawo maka da tsoffin kayan da aka cire, don wasu cibiyoyin riƙewa suke.

23/ A nan gida akwai ƙarin namu. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa mai da roba. Wanda ke Kano ko Damagaram sai ya haɗa da kuɗin kai agogon inda cibiya take, da fargabar hanya. Dattawan da ke zama da ɗan teburin gilashi a kasuwa, waɗanda suka ƙware a kan Seiko da Orient da Rado na alhazai, suna ta ƙarewa. Yaran da suka gaje su yawanci batir da maɗauri suke canzawa, don abin da ke kawo na cefane ke nan.

24/ Shi kuwa Seiko 5 ɗin Baba lissafinsa daban ne. Sabon injin Seiko na wannan aji bai kai dala 100 ba, don haka mai gyara a Turai zai ce maka cire tsohon a sa sabo ya fi arha da biyan awanninsa. In ka dace da dattijon da har yanzu ke wargazawa ya wanke ya mayar, ka biya shi ba ciniki, ka dai roƙe shi kar ya buɗe bayan agogon a bakin titi ranar da ake iska.