Tau: Tarihin Kashi Ɗaya Cikin Dubu na Inci

Tau ma'aunin tsawo ne da ya yi daidai da kashi ɗaya cikin dubu na inci, wato inci 0.001. A lissafin mita, tau ɗaya milimita 0.0254 ne, ko maikuron 25.4, ba ragi ba ƙari. Masu sana'ar ƙarfe na Ingila ne suka raɗa masa wannan suna. Amurkawa kuwa mil suke ce masa, amma ba mil na tafiya ba ne, ba kuma milimita aka taƙaita ba, domin a milimita ɗaya akwai tau 39.37. Da shi ake auna kaurin leda da takarda da fallen ƙarfe da fenti, da kuma 'yar ratar da ake bari tsakanin sassan inji. Farar takardar ofis takan kai kimanin tau 4.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, raba inci ake yi biyu-biyu: rabi, kwata, kashi ɗaya cikin takwas, cikin 16, cikin 32, har zuwa cikin 64. Daga nan sai ido da hannu su karɓi aiki. Maƙeri zai ce a yi masa ƙarfe mai kashi ɗaya cikin 16 "cikakke", ko kuwa "da ɗan sauƙi", amma abin da yake nufi da cikakke ba lalle ya zama shi abokin aikinsa yake nufi ba. Muddin mutum ɗaya ne ke ƙera inji tun daga farko har ƙarshe, yana goge kowane sashe har ya zauna, wannan bai dami kowa ba. Da injinan tururi da jiragen ƙasa suka yawaita, aka shiga ƙera sashe a wani gari ana ɗaura shi a wani, sai abin ya zama asara.

Na'urar auna ƙananan abubuwa ta riga ma'aunin zuwa. Wajen shekarar 1638 William Gascoigne ya sa sukuru mai lallausan zare a madubin hangen taurari don auna tazarar da ke tsakanin taurarin. Henry Maudslay, wanda ya rasu a 1831, yana da wata na'ura a masana'antarsa ta Landan mai gane kashi ɗaya cikin dubu goma na inci, kuma ita ke raba gardama idan ma'aikata sun saɓa. A wannan masana'anta Joseph Whitworth ya yi aiki yana saurayi, kafin ya buɗe tasa a Manchester. Shi ne ya fito da tsarin zaren sukuru na bai ɗaya a 1841. A 1857 kuma ya gabatar da takarda a gaban ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Birtaniya, yana kira da a bar rabon biyu-biyu a koma raba inci goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu. Whitworth bai nemi a watsar da inci ba. Abin da ya nema shi ne kowane awo ya samu lambar da za a iya rubutawa a takarda, a aika wani gari, wanda ya karɓa ya gwada ya ga daidai. Muhimmancin tau ke nan a tarihi: ya fitar da awo daga bakin gwani ya mai da shi abin da yaron shago ma zai iya tabbatarwa.

Masu waya da fallen ƙarfe su ne suka fi kowa shan wahala, saboda su da lambar geji suke ciniki. Asalin geji daga jan waya ne. Ana zura waya ta ramin da ya fi ta ƙanƙanta a ja, sannan a sake zura ta a wani ramin da ya fi matsewa, kuma lambar tana bin yawan jan da aka yi. Shi ya sa har gobe idan lambar geji ta hau, kauri sauka yake yi. Matsalar ita ce kowane gari, wani lokaci ma kowace masana'anta, da nata gejin.

A 1867 aka mayar wa kamfanin Bridgeport Brass da ke jihar Connecticut ta Amurka da wasu fallayen tagulla, mai saye ya ce kaurinsu bai yi daidai da abin da ya nema ba. Da aka gwada da gejin kamfanin, sai aka ga daidai suke. Gejin mai saye ya ce a'a. Aka kawo na uku, shi ma ya faɗi nasa daban, alhali dukansu sunan tsari ɗaya suke ɗauke da shi. Mai kula da masana'antar, S. R. Wilmot, ya zana wata na'ura ya kai wa kamfanin Brown & Sharpe na birnin Providence, sai dai karanta awonta na da wuya. A shekarar ce masu kamfanin, Joseph Brown da Lucian Sharpe, suka je baje kolin Paris, inda suka ga 'yar na'urar hannu da wani Bafaranshe, Jean Laurent Palmer, ya yi wa rajista tun 1848. Suka ɗauki dabarar karatunta suka haɗa da buƙatar Wilmot, a 1868 suka fitar da ma'aunin fallen ƙarfe da ke shiga aljihu. Shi ne kakan maikuromitar da ake gani a shagunan masu gyaran inji.

Yadda maikuromitar take aiki abin sha'awa ne don sauƙinsa. Sukurun da ke cikinta yana da zare 40 a kowane inci, saboda haka juyi ɗaya cikakke yana matsar da bakinta inci 0.025, wato tau 25. An kuma raba kewayen abin murzawar gida 25. Kowane gida tau ɗaya ke nan. Motsin da ido ba zai gani ba a bakin na'urar ya zama tazara bayyananniya a jikin abin murzawa.

Geji bai mutu ba duk da haka. Birtaniya ta kafa nata na hukuma a 1883, majalisar dokokin Amurka ta kafa na fallen ƙarfe a 1893, amma har yau geji 16 na baƙin ƙarfe tau 59.8 ne, na alminiyom kuwa tau 50.8. Mai sayen kwanon rufi da aka ce masa geji kaza, gara ya nemi a faɗa masa kaurin a milimita, a kuma gwada a gabansa.

Lambar 25.4 da ake juya awon da ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Dokar Amurka ta 1866 ta ce mita ɗaya inci 39.37 ce, abin da ya sa incin Amurka ya ɗara milimita 25.4 da ɗan kaɗan. Na Birtaniya, wanda ake ɗauka daga sandar yadi ta tagulla, ya gaza 25.4 da ɗan kaɗan. Bambancin bai wuce kimanin kashi uku cikin miliyan ba, amma ya shafi Carl Edvard Johansson, mutumin Suwidin da ya yi aiki a masana'antar bindigogi ta Eskilstuna, wanda ya ƙirƙiro 'yan tubalan ƙarfe da ake daidaita sauran ma'aunai da su. Yana sayar wa ɓangarorin biyu, don haka daga 1912 ya tsaya a tsakiya: inci milimita 25.4, a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. Tubalansa sun shiga masana'antu ko'ina, shi kansa ya koma aiki da Henry Ford a 1923. Hukumar ƙa'idojin masana'antu ta Birtaniya ta amince da lambar a 1930, ta Amurka a 1933. Gwamnatoci su suka zo daga baya: a 1959 Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu suka daidaita a kan yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Tun daga nan lissafin ya zama tsayayye. A ninka tau da 25.4 a samu maikuron, a raba maikuron da 25.4 a samu tau.

Yawancin duniya ta koma mita, amma tau yana nan ɓoye cikin lambobin da ba su cika ba. Katin cirar kuɗi kaurinsa milimita 0.76 ne, domin asalinsa tau 30. Ƙafafuwan ƙananan sassan lantarki na tsohon yayi tazararsu milimita 2.54, wato tau 100. Makanikin da ya kai karanshaf a goge, ya dawo yana neman metal mai lamba 010 ko 020, da tau yake magana ko bai taɓa jin sunan ba: an rage tau 10 ko 20, abin da kamfanonin da ke aiki da mita ke rubutawa 0.25 da 0.50. A harkar leda, Amurkawa na cewa mil 6 ga ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kankare, wato kimanin maikuron 152, yayin da dokar Indiya da ta hana jakar leda mai kauri ƙasa da maikuron 120 daga ƙarshen 2022 take nufin tau 4.7. Masu leda suna da nasu gejin ma, inda geji 100 yake daidai da tau ɗaya.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen yanke wutsiyar lamba. A kaurin abu ɗaya, ɗaukar tau 40 a matsayin milimita ɗaya ba laifi, tunda ainihinsa 1.016 ne. Idan awon ya jeru yana maimaituwa, ragowar taruwa take yi. Masana'antun lantarki na Tarayyar Sobiyet sun ƙera sassa irin na Amurka, amma suka mai da tazarar ƙafafuwa milimita 2.5 cif maimakon 2.54. A sashe mai ƙafa takwas ko goma sha huɗu, da ɗan lanƙwasawa yakan shiga. A mai ƙafa 40, inda ƙafa 20 ke jere a kowane gefe da tazara 19 a tsakaninsu, ragowar 0.04 ta taru ta kai milimita 0.76, ƙafar ƙarshe ta kauce wa raminta.