Sashen da Ya Adana Muhawarar Yahudu da Nasara a Kambirij

Ko almajirin Tasawa ko na Mayahi ya san ba a yar da takarda mai ɗauke da sunan Allah, ko da ta yage. Yahudawan Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, su ma haka suka ɗauka. Shekaru aru-aru suna tara tsofaffin takardunsu a wani ɗaki da ake kira Geniza a majami'ar Ben Ezra, littafin addini da wasiƙar fatake da takardar aure duk a cakuɗe.

A 1896 wasu tagwaye ƴan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa Solomon Schechter na Jami'ar Kambirij ƴan guntayen da suka sayo. Bai yi wata-wata ba ya nufi Masar da kuɗin abokinsa Charles Taylor, ya kwaso guntaye kusan 193,000, aka miƙa su ga ɗakin karatun jami'ar a 1898. Daga nan aka yi sake. Kaso mai yawa ya daɗe jibge cikin akwatuna, ba mai taɓawa. Sai a 1974 aka kafa Sashen Binciken Geniza na Taylor-Schechter, Stefan Reif ya riƙe shi har 2006, Ben Outhwaite ya gaje shi. Aikin farko ba na neman suna ba ne: a kakkaɓe ƙura, a miƙe takardar da ta ƙudundune, a rufe ta da leda, a ba ta lamba.

Da yawan takardun Larabci ne aka rubuta da baƙaƙen Ibrananci, shi ya sa masanin Larabci zai wuce su bai gane ba. A cikinsu akwai guntayen Qissat Mujadalat al-Usquf na ƙarni na 9, raddi ne da aka sa a bakin wani limamin Kirista da ya koma addinin Yahudu. Bakinsa da kaifi. Yana tambaya ta yaya Mahalicci zai zauna cikin mahaifa, ya ci, ya sha, ya yi barci, kuma yana bin Linjiloli huɗu yana zaƙulo inda suka saɓa. Mai karatun tauhidi zai ga hujjojin ba baƙi ba ne, don malaman Musulmi na zamanin sun yi irin wannan jayayya da Larabcin nan. Daga baya littafin ya shiga Ibrananci da sunan Nestor ha-Komer, ya kai Turai. Daniel Lasker da Sarah Stroumsa suka harhaɗa shi suka buga a 1996.

A 2013 Kambirij da Oksfod suka haɗa fam miliyan 1.2 suka sayi guntayen tagwayen nan, kimanin 1,700.