Tarihin Gwajin LDH a Binciken Ƙarancin Jini

LDH na cikin sinadaran da masana ke kira inzayim, masu hanzarta aiki a cikin ƙwayoyin jiki. Jajayen ƙwayoyin jini na ɗauke da shi fiye da ninki 100 na abin da ke cikin ruwan jinin da suke yawo a ciki. Muddin ƙwaya na raye, yana tsare a cikinta. Da ta fashe sai ya malalo. A kan wannan aka gina gwajin.

Tun ƙarni na 19 likitoci suka san ƙarancin jini iri-iri ne. A 1855 Thomas Addison ya bayyana wani nau'i mai kisa a Landan, wanda ya gagari magani har 1926, lokacin da George Minot da William Murphy a birnin Boston suka ga majinyata na farfaɗowa idan ana ba su hanta mai yawa kullum. Sai a 1948 aka ware abin da ke cikin hantar, wato bitamin B12. A Indiya kuma, Lucy Wills ta nuna a 1931 cewa masu ciki a Bombay na fama da makamancin wannan ciwo saboda rashin wani sinadarin abinci, wanda daga baya aka san shi da folik asid. Tabbatar da irin wannan ciwo yakan kai ga soka allura a ƙashin ƙirji a zuƙo ɓargo, aikin da majinyaci ba ya mantawa da shi.

Hanyar auna inzayim ta fito daga ɗakin binciken Otto Warburg a Berlin cikin shekarun 1930, ta hanyar lura da yawan hasken da ruwan gwaji ke shanyewa. A 1955 Felix Wróblewski da John LaDue suka wallafa aikinsu kan LDH a ruwan jinin majinyata a New York, hankalinsu ya fi karkata ga ciwon zuciya. Ba a jima ba aka lura cewa masu ƙarancin jini na rashin B12 suna da LDH mai yawan gaske, wani lokaci fiye da ninki goma na mai lafiya.

Dalilin yana cikin ɓargo. Idan babu B12 ko folik asid, ƙwayoyin da ake haɗawa sukan kumbura su kasa rabuwa yadda ya kamata, da yawansu su mutu tun ba su fita cikin jini ba, kamar tukwanen da suka fashe tun a wurin gashi. Ɓargon cike yake da aiki, amma jinin bai ƙaru ba. Wannan ya bambanta da sikila, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da ƙarancin inzayim ɗin G6PD da aka gano a 1956 ta dalilin maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna primaquine, inda ƙwayoyin ke fashewa bayan sun fito. A nan ma LDH na hawa, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa, ko jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, LDH ɗinsa yawanci daidai yake, domin ƙwayoyin ba fashewa suke ba, kayan haɗa su ne suka yi kaɗan.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa. Binciken Alan Fleming a Ibadan da Zariya ya nuna yadda zazzaɓin cizon sauro da rashin folik asid ke haɗuwa su durƙusar da masu ciki, musamman masu cikin fari. A 2006 kuma Gregory Kato da abokan aikinsa a Amurka suka danganta hawan LDH ga masu sikila da gyambon ƙafa da hawan jini a jijiyoyin huhu.

Raunin gwajin shi ne LDH na cikin hanta, zuciya, tsoka da ƙoda, don haka hawansa kaɗai ba ya nuna inda ɓarnar take. Idan aka zuƙi jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka girgiza kwalba, ko aka bar ta cikin zafin rana, ƙwayoyin kan fashe a kwalbar, ruwan jinin ya yi ja-ja, sakamako ya fito da hawan ƙarya. Shi ya sa ake haɗa shi da awon girman ƙwayoyi, da ƙidayar sababbin ƙwayoyi, da awon bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa, kafin a yanke hukunci.