Gyaran ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Gyaran ɗakin ƙarƙashin ƙasa shi ne aikin mayar da ɓangaren gida da ke cikin ƙasa, duka ko rabinsa, ya zama wurin zama kamar falo, ɗakin kwana, ɗakin karatu ko gidan haya. Aikin ya fi yawa a Amurka, Kanada da arewacin Turai. Ya bambanta da gyaran sauran ɗakuna saboda ƙasa ce ke kewaye da bangon. Don haka magina kan fara da tare ruwa, samar da iska da hanyar tsira, kafin su kai ga fenti da tayil.

Asali

A ƙasashe masu tsananin sanyi, ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa ya kumbura, har ya ɗaga gini ya tsaga shi. Wannan ya sa dole a kai harsashin gini ƙasa da inda ƙanƙara ke tsayawa. A jihar Minnesota ta Amurka, zurfin da doka ta tanada ya kama daga kimanin mita 1 a kudu zuwa mita 1.5 a arewa. Tun da an riga an haƙa wannan zurfin, ƙarin haƙa kaɗan ya isa a samu ɗaki guda. Da farko ana ajiye gawayin kwal, dankali da tukunyar ɗumama gida ne a wurin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyalai da yawa a Amurka suka riƙa mayar da shi ɗakin wasan yara da wurin hutawa.

A manyan birane kuwa, tsadar fili ce ta tura mutane ƙasa. A Landan, masu kuɗi sun riƙa haƙa hawa biyu ko uku a ƙarƙashin tsofaffin gidaje, har ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ta kafa ƙa'ida a 2015 wadda ta taƙaita yawancin irin wannan haƙa zuwa hawa ɗaya. A Koriya ta Kudu, dokar gini ta 1970 ta tilasta yin ɗakin ƙasa domin fakewa idan yaƙi ya tashi. Ƙarancin gidaje ya sa aka mayar da su gidajen haya masu araha da ake kira banjiha.

Matakan aikin

Tare ruwa. Shi ne mataki na farko, kuma daga waje ake fara shi: a karkata ƙasar da ke jikin gida ta gangara nesa da bango, a nisantar da bakin indararo, a gyara magudana. Ana shafe bayan bango da kwalta ko a lulluɓe shi da leda mai kauri, sannan a binne bututu mai huda-huda cikin tsakuwa a gindin harsashi. A ciki, ana haƙa ɗan rami a sa masa injin da ke tura ruwan da ya taru zuwa waje. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi: a manna leda a daɓen siminti a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ƙarƙashinta ya yi gumi, danshi yana tasowa daga ƙasa. Duk bangon da aka rufe alhali yana da danshi, fumfuna za ta kama bayansa, katako ya ruɓe, filasta ta zube.

Ƙarfin gini. Bangon ɗakin ƙasa yana ɗauke da nauyin gida daga sama, ƙasa kuma tana tura shi daga gefe. Ba a cire ginshiƙi, ko a faɗaɗa taga, ko a ƙara zurfin daɓe sai da lissafin injiniya. Idan za a ƙara zurfi, ana tallafe harsashi ne kashi-kashi, a haƙa ɗan wuri a zuba kankare ya bushe, sannan a matsa gaba.

Tsawo da hanyar fita. Kundin dokar ginin gidaje na International Residential Code, wanda yawancin jihohin Amurka ke bi, ya tanadi tsawon akalla mita 2.13 daga daɓe zuwa silin. Ya kuma wajabta wa kowane ɗakin kwana tagar tsira da ke buɗewa zuwa waje, mai faɗin murabba'in mita 0.53, wadda bakinta bai wuce mita 1.12 daga daɓe ba, domin mutum ya iya fita, ɗan kwana-kwana kuma ya iya shiga.

Wuta da famfo. Bayi da ke ƙasa da bututun sokawe ba ya zubar da ruwa da kansa, sai an sa injin da zai ɗaga shi. Ana kafa soket sama da daɓe, tare da na'urar da ke katse wuta idan ruwa ya taɓa waya.

Ƙarasawa. A nan ne ake zuwa ga rufin bango, silin, fitilu da daɓe. Tayil ya fi kafet da katako jure danshi, kuma fenti mai haske yana rage duhun wurin.

Haɗura

Radon iska ce da ke fitowa daga ƙasa da duwatsu, ba ta da launi ko wari, kuma tana taruwa a ɗakunan ƙasa. Tana cikin manyan abubuwan da ke haddasa kansar huhu bayan taba sigari. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ta wuce bekarel 100 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki. Sai da na'urar awo ake gane ta, kuma ana rage ta da toshe tsagogin daɓe da bututun da ke zuƙo ta daga ƙarƙashi zuwa saman rufi. Hayaƙin janareta ko na gawayi ma yana kisa a wurin da iska ba ta zagayawa.

Ambaliya ta fi komai gaggawa, domin ruwa yana cika ɗakin cikin mintoci ya danne ƙofa. A ranar 1 ga Satumba 2021, ragowar guguwar Ida ta kashe mutum 13 a birnin New York, 11 daga cikinsu a gidajen ƙarƙashin ƙasa, waɗanda yawancinsu ba su da izinin hukuma. A watan Agusta 2022, mutum uku 'yan gida ɗaya sun nutse a wani banjiha a Seoul, abin da ya sa hukumar birnin ta sanar da shirin daina amfani da su a matsayin gidajen zama.

A ƙasar Hausa

Ginin gargajiya na Hausawa bai ƙunshi ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba. Ƙasa ba ta daskarewa, saboda haka harsashi ba ya buƙatar zurfi sosai. Bangon tubali mai kauri da rufin azara suna sanyaya soro da rana. Idan iyali suka ƙaru, akan tayar da sabon ɗaki a tsakar gida, ko a gyara shigifa ko zaure, ko a ɗora bene. Ɗakin ƙasa a Najeriya ya fi yawa a otal-otal, manyan ofisoshi da wuraren ajiye motoci na Abuja da Legas.

A Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ɗakin da ke cikin ƙasa yana da fa'ida ɗaya: zafinsa ba ya hawa da sauka kamar na ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Sai dai wuri ne ke yanke hukunci. Ƙofar Kware, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin, tana ɓangaren arewa, inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadamar kogi. Ruwan damina yana sauka da ƙarfi tsakanin Yuni da Satumba, kuma a Satumba 2010 ambaliyar kogin Rima ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A tsofaffin unguwanni gidaje suna manne da juna, don haka haƙa mai zurfi a gida ɗaya na iya raunana bangon maƙwabci, musamman na laka. Injin fitar da ruwa kuma yana dogara da wutar lantarki, wadda sau da yawa takan ɗauke a lokacin hadari. Saboda waɗannan dalilai, irin wannan aiki a birnin yana buƙatar auna zurfin ruwan ƙasa a ƙarshen damina, lissafin injiniya, da izinin hukumar tsara birane ta jiha kafin a fara haƙa.