Mary Onyali da Tarihin Tseren Mata a Nijeriya, 1986–2004

Sanin kowa ne cewa ba a daɗe da buɗe wa mata ƙofar tsere a manyan wasannin duniya ba. Sai a shekarar 1928, a birnin Amsadam, aka fara yarda su yi gudun mita 100 a wasannin Olamfik, na mita 200 kuwa sai a 1948. Matan Nijeriya sun jira har 1992 kafin su sami lambarsu ta farko a waɗannan wasanni, kuma cikin mata huɗun da suka samo ta akwai Mary Onyali. Abin da ya cancanci nazari a tarihinta shi ne daɗewar da ta yi a sahun gaba, wato shekara goma sha takwas, a sana'ar da galibi ba ta jure wa tsufa.

An haife ta a 1968, ta kuma fara tsere tun tana makaranta a Legas. Daga nan ta sami gurbin karatu a Jami'ar Texas Southern da ke Amurka, inda ɗalibi kan haɗa karatu da horo a hannun ƙwararru. A 1986, a gasar matasa ta duniya da aka yi a Atina, ta zo ta biyu a mita 200, wadda ta sha gabanta kuwa 'yar ƙasarta ce, Falilat Ogunkoya. Shekara guda bayan haka ta ci mita 200 a Wasannin Afirka na Nairobi, a 1991 kuma ta ci mita 100 a Alƙahira.

A Basalona, cikin 1992, ita ce ta ɗauki zangon ƙarshe a tseren miƙa sanda na mutum huɗu, bayan Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson. Amurka ta zo ta ɗaya, ƙungiyar ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta biyu, Nijeriya ta uku, da ƙyar a gaban Faransa. Irin wannan tsere ba sauri kaɗai yake buƙata ba, domin tilas a miƙa sandar a cikin wani ƙayyadadden fili ba tare da an rage gudu ba, in ta faɗi kuwa wahalar shekaru ta tashi a banza. A 1994 ta ci zinariya a mita 100 a Wasannin Ƙasashe Renon Ingila a Kanada, a 1995 kuma ta haɗa mita 100 da 200 a Harare.

Ganiyarta ita ce shekarar 1996. A Atalanta ta zo ta uku a mita 200 cikin sakan 22.38, bayan Marie-José Pérec ta Faransa da Merlene Ottey ta Jamaika. To, amma a wannan karon Chioma Ajunwa ta ci zinariya a dogon tsalle, 'yan ƙwallon ƙafa su ma suka ci tasu, saboda haka hankalin jama'a ya fi karkata gare su. Bayan 'yan makonni, a Zurik, ta yi gudun cikin sakan 22.07, ba a kuwa sami wata 'yar Afirka da ta rage wannan lokaci ba sai a 2018, lokacin da Blessing Okagbare ta yi 22.04.

Daga nan al'amura suka sauya. Ta dakata don haihuwa a 1997. Daɗin daɗawa, an dakatar da Nijeriya daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila tun 1995, a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, don haka babu ɗan wasan Nijeriya ko ɗaya a wasannin 1998. Wato siyasa ta hana ta kare kambin da ta ci da guminta. Duk da haka ba ta ajiye takalmi ba. A 2003, da aka yi Wasannin Afirka a Abuja, ta sake cin mita 100 da 200 a gaban mutanen ƙasarta, tana da shekara 35. Ta rufe da wasannin Atina na 2004, waɗanda suka zama Olamfik ɗinta na biyar a jere tun daga na Seoul a 1988.

Idan aka auna tarihin nan da zinariyar Olamfik kaɗai, za a ce ba ta kai gaci ba. Amma wannan ma'auni ya gaza, domin tsere ɗaya sa'a kan iya ba da shi, shekara goma sha takwas kuwa sai da horo da kula da lafiya da abin dogaro. Filin makaranta ne ya fito da baiwarta, jami'ar wata ƙasa ce ta goge ta, Nijeriya kuma ta karɓi lambobin. Wannan shi ne abin lura ga masu tsara manufofin ilmi da wasanni: yarinyar da makarantarta ba ta da fili ko malamin wasanni, babu mai sanin saurinta, balle a yi maganar lamba.